Maratayin kyamarata da ƙullin Gwaggo

Daga admin: wata ƴar'uwa ce ta aiko, ta ce a sakaya sunanta. Ku karanta har ƙarshe kafin ku tanka, kuma banda zagi.

Assalamu alaikum ƴan gurup, barkanmu da war haka, ya gida ya ɗawainiya. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, na daɗe ina riƙe da maganar nan a ciki har ta fara yi mini nauyi, a dangi kuma ba ni da wanda zan gaya wa, duk wanda na tunkara sai in tarar ya riga ya ɗauki ɓangare. Wallahi na gaji, irin gajiyar da ko barci ba ya sauke ta.

Ni mace ce mai ɗaukar hoto a Tasawa. Na san wasu za su ce to ai kin gama faɗin sunanki, mata nawa ke wanga aiki a garin, ba komai, wanda ya gane ni ya rufa mini asiri Allah ya rufa mishi. Kyamarar ta mai gidana ce, Allah ya jiƙan shi, da ya rasu ya bar ni da ita da yara ƙanana, sai na ga da in sayar in cinye kuɗin gara in koyi aikin. Allah kuwa ya dafa mini, saboda cikin gida wurin mata namiji ba ya shiga ya sake, ni ko har ƙuryar ɗakin amarya nake shiga, biki, suna, walimar sauka, dawowar alhazai, duk ana kirana. Da ita na ciyar da yaran nan, da ita na riƙe su a lakwal, makarantar boko. To amma duk wanda ya taɓa riƙe manyan aparai ɗin nan, kyamarorin da, ya san ba abin wasa ba ne, ga gilashin gaba, ga fitila, ga batir, ki rataya a wuya tun hantsi, ba za ki sauke ba sai an kai amarya. A hankali wuyana ya fara riƙewa, ciwon ya sauko kafaɗar dama, ya bi hannu har yatsu, wani lokaci ina tsakiyar aiki sai in ji yatsan da nake dannawa da shi ya mutu murus. Na je likita aka yi mini radiyo, hoton ƙashi ke nan, likitan ya ce ƙashin wuya ne ke danne jijiya, in ina son hannuna in bar rataya kaya a wuya. Na ce mishi to in ci mi? Ya yi murmushi ya rubuta mini ordonans, takardar sayen magani.

Da abin ya matsa mini sai na tafi hutu wurin Gwaggona, a wani ƙauye cikin karkarar Kanambakashe. Yayar mahaifina ce, ita ta yaye ni, kuma ba ta mayar da ni ba sai da ta aurar da ni, saboda haka in na ce uwa to ita nake nufi. Tsohuwa ce mai baki, ba ta ganin abu ta ƙyale. Wata safiya ta gan ni ina murza wuya da man zafi, kyamarar na ajiye a kan tabarma, ta ɗaga ta ta ji nauyinta, ta ce yanzu wanga ƙarfen nake ratayawa a wuya kamar laya? Ta ce ko jaki ba a aza mishi kaya a wuya, mace tana goyon ɗa har ya yi wayo ba ta taɓa cewa wuyanta ba, saboda a baya take ɗaukar shi, mu ƴan birni dai ilimi ya yi mana yawa hankali ya yi kaɗan. Ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon majanyi na saƙi, ta tsaga shi biyu a tsaye, ta ce in miƙe. Ta gicciya shi a bayana, ta biyo da shi ta kafaɗu da ƙarƙashin hammata ta kawo gaba, sannan ta ɗaure kyamarar da wani irin ƙulli da suke yi a bakin rijiya. Ku da kuka san rijiyoyin can kun san zurfinsu, da dabba ake jan ruwa, to ƙullin da take haɗa igiyar wasaki da shi ne, in nauyi ya ja shi sai ya cije, in an ɗaga nauyin sai ya saki ya zame. Ba zargen da kowa ya sani ba ne, wurin uwar mijinta ta koya tun tana amarya, kuma a lokacin ƴan tsofaffi kaɗan suka rage da suka iya shi, tunda yanzu kowa igiyar roba yake saye ya ƙulla yadda ya ga dama.

Jama'a, ranar na kusa yin kuka. In na saki kyamarar sai ta zamna a ƙirjina daram, ko na duƙa ba ta lilo, in na ɗaga ta zuwa ido sai ƙullin ya biyo ni ba gardama, nauyin duka ya koma gadon baya. Na yini da ita a jiki ina ɗaukar awaki da yaran maƙwabta ban ji wuyana ba.

Matsala ɗaya, ƙyallen yana cinyewa a wurin da ya haɗu da kunnuwan kyamarar. Sai na kai wa ɗan Gwaggon, taubashina, zan kira shi Ilu ko da yake ba sunanshi ba ne, yana gyaran takalma da sirdin babur a kasuwar Mayahi. Ya gan ni da abin a jiki ya yi ta dariya har da riƙe ciki, wai Allah ya raya jaririn ƙarfe, yaushe ne suna a gayyace shi. Na ce mishi ranar da ya biya ni kuɗin shara na bana. Haka muke da shi tun muna yara, ba mu haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Ya yanko fata ya yi mishi harsuna biyu da zobe, ya ɗinke tsaf, abin ya fito kamar na kanti. Ina komawa aiki abokan sana'a suka fara tambaya, wanga ya ce a yi mishi, wancan ya ce a yi mishi biyu, har daga Maraɗi aka fara aikowa. Ni ke sayen saƙi in yanka in ƙulla, Ilu ya yi aikin fata, mu raba abin da aka samu ba tare da wani ya ji kanmu ba. A nan ne na fara sa rai, na ce a zuciyata to ko hannun nan ya ƙi gaba ɗaya, ga abin da zan zamna a gida ina yi in ci abinci, tunda ƙulli ko da hagu ana yin shi. Ku riƙe wannan don Allah, saboda kar wani ya ce kwaɗayi ne ya ja ni, ni mafita nake nema wa kaina da yarana.

Ana nan sai aka yi wani baje kolin sana'o'in hannu a Maraɗi, na je da ƴan guda nawa. Wani ma'aikacin proje da ke tallafa wa mata masu sana'a ya tsaya a gabana ya daɗe yana juya maratayin, yana ja yana saki. Ya tambaye ni ko na yi mishi takarda, na ce takardar mi, maratayi ne fa ba fili ba. Ya zamna ya yi mini bayani, ya ce akwai takardar da hukuma ke ba wanda ya ƙirƙiro sabon abu, su suna ce mata birebe, in kana da ita ba mai ikon ya ƙera irin abinka ya sayar sai da izininka, har zuwa wasu shekaru. Ya ce in ban yi ba, rana ɗaya wani ɗan kasuwa zai sayi guda ya ƙetara da shi, ya dawo da dila-dila na inji a kan araha, ni da na fara ko ɗaya ba zan ƙara sayarwa ba, ƙila ma ya yi takardar da sunanshi. Ya ce su za su ɗauki nauyin dosiye ɗin, wato takardun nema, in ta fito su haɗa ni da masu saye a Yamai, har a buɗe mini ɗan wurin aiki in ɗauki mata. Amma da sharaɗi, dole abin ya zama sabo, abin da ya riga ya bazu kowa ya san yadda ake yin shi ba a yi mishi takarda, saboda haka daga ranar in kama bakina, kar in ƙara nuna wa kowa yadda ake ƙullin.

Na dawo gida ina jin kamar an yi mini albishir da kujerar Makka. Sai ɗiyata babba, da ke lise, wato sakandare, ta duba a portabul, wayar hannu, ta nuno mini hotunan wasu maratayai na ƙasashen waje, su ma a gicciye a baya, su ma wai da takardarsu. Ai sai na ce shi ke nan, na je neman kariya ashe ni ce ɓarauniyar, abinci ma ranar kasa ci na yi, ko sallama aka yi a ƙofa sai in zaci jandarma ne. Na kira ɗan projen ya ce in kwantar da hankalina, takardar wata ƙasa ba lallai ta kai nan ba, kuma zai sa aboka, lauya ke nan, ya duba. Ya ce giciyen baya kam daɗaɗɗen abu ne, ba zan samu komai a kanshi ba, fatar Ilu ma kowane baduku zai iya, amma su nasu da maɓallan ƙarfe da roba suke tafiya, nawa kuwa da ƙulli, ƙullin nan shi ne hujjata. Kun ga ke nan duk maganar ta koma kan ƙulli, ƙullin kuwa shi ne abu ɗaya a jikin maratayin da ba ni na kawo shi ba. Na gaya mishi gaskiya, na ce na Gwaggona ne, ya ce ba laifi, amfani da shi a kan kyamara shi ne sabon, kuma ana iya sa sunanta tare da nawa ta dangwala yatsa, in dai ita ma za ta yarda ta yi shiru da shi.

Na ce wannan ai mai sauƙi ne, Gwaggo wa take gani balle ta gaya wa. Ashe ban san dawan garin ba.

Cikin damina na shirya na tafi in yi mata bayani. Tun a hanya bayan mun bar Mayahi na hango wani mutum a gonar wake yana feshi, famfon a bayanshi, ɗaure da giciye irin nawa. Na ce ƙila idona ne. Muka ƙara gaba sai ga ƴan mata da bido, jarkar ruwa, a baya, kowace da giciyen, ga wata Bafulatana mai nono ita ma ta rataya ƙwaryarta da shi a gefe. Da na sauka na tsayar da ɗaya na duba, wallahi ƙullin ne, ba ragi ba ƙari. Ina shiga gidan Gwaggo na tarar da tsakar gida cike da mata a gindin bedi, kowace da tsumma a hannu, ita tana tsakiya tana faɗa tana gyara musu yatsu, wai ke hannunki kamar na kuturu, sake. Ashe tun da labari ya kai ƙauyen cewa ƙullinta ya shiga birni ana saye da kuɗi, sai mutane suka farga, wani ya gwada a famfon feshi ya ji daɗi, magana ta bazu, har daga Atantane mata ke zuwa ranar kasuwa su biyo ta wurinta. Gwaggo da na sani, wadda tun rasuwar mijinta idonta ya yi rauni take yini ita kaɗai da carbi da kaji, sai ga ta ta yi kumatu, muryarta ta dawo, wata ta share mata gida, wata ta kawo mata ruwa, wata ta tsefe mata kai.

Kuma ba haka nan kawai suke zuwa ba. A can al'adarsu, duk wanda ke son koyon aikin hannu wurin babba, in dai zai ci abinci da shi ko zai amfana, sai ya kawo goro, ko ƙwaya biyu ne, ya ajiye a gaban mutane, babban ya ɗauka ya ce na ba ka, Allah ya sa ka ci moriyarshi. Daga nan abin ya zama naka halak malak, ba mai karɓe shi, ko shi wanda ya bayar. Kowace mace a tsakar gidan nan ta kawo goronta.

Na bari sai da suka watse bayan la'asar sannan na zamna na yi mata bayani a hankali. Da farko ba ta ma gane ba, ta tambaye ni ko gwamnati za ta zo ta kwance ƙullin daga bakin rijiya ne. Na ce a'a. Ta ce to in maƙwabciya ta zo ɗibar wuta a murhunki, taki wutar raguwa take yi? Na ce Gwaggo wannan ba wuta ba ce, abincina ne, likita ya ce hannuna ba zai daɗe ba, in takardar nan ba ta fito ba ban san inda zan sa kaina da yaran nan ba, kuma duk mutum ɗaya da kika ƙara koya wa kin ƙara nisanta ni da ita. Ta tsura wa hannuna ido. Ana haka sai ga Ilu ya shigo, ashe ya zo ƙauyen duba gonarshi, ya tsaya a bakin ƙofa ya ji rabin maganar. Ya fara da wasa yadda muka saba, wai yau ga mai birebe a gidanmu, a shimfiɗa mata darduma. Sai ya tambaye ni, a cikin dariya, wai ni ina nawa goron? Ya ce shi ranar da muka fara sayarwa sai da ya zo ya ajiye goro a gaban uwarshi da shaidu, duk da ita ta haife shi, saboda ya san zai ci abinci da abin, ni fa? Gaskiya ne kuwa ban kawo ba, lokacin da ta ɗaura mini ai magani ta yi mini ba sana'a ta koya mini ba, da aka fara ciniki kuma ban ko tuna ba, na ɗauka abin uwa na ɗiya ne. Ya ce to a lissafin garin nan duk wanda ke yawo da ƙullin nan yana da haƙƙi a kanshi, ni kaɗai ce ba ni da shi, kuma ni ce na zo in hana.

Daga nan wasa ya ƙare. Raina ya ɓaci, na ce mishi ba don ciwon wuyana ba, ba don na ɗauke shi na kai birni ba, da ƙullin nan ya ruɓe a bakin rijiya ba wanda ya waiwaye shi, shi ma da yana can yana liƙe silifa. Ya ce ai ga irinta nan, tun takardar ba ta fito ba na fara gori, ina ga ta fito. Ya ce shi yanzu masu famfon feshi sun fi masu kyamara kawo mishi aiki, kuma zai ci gaba da ɗinka wa duk wanda ya zo, in na isa in turo a kama shi a tsakiyar kasuwar Mayahi. Na faɗi maganganu, shi ma ya faɗa, har da waɗanda ba su shafi maratayi ba, har maƙwabta suka fara leƙe ta kan darni. Gwaggo ce ta daka mishi tsawa ta ce ya rufe mata baki, ɗiya ba ta sayen abin da ke cikin tukunyar uwarta. Ni kuma ta juyo ta ce mini, “Na ji, tashi ki tahi kar mota ta bar ki, Allah shi ba hannunki lahiya.” Iyakar abin da ta ce ke nan, ko ruwan gidan ban ƙara sha ba na fito.

Na san wani zai ce to ki sayi goron mana ki kai, magana ta ƙare. Na yi wannan tunanin. Amma goro damar yi yake ba mutum, ba ya ba shi damar hana wani, in na kai na zama ɗaya daga cikinsu ne kawai, takarda kuwa amfaninta ke nan, hanawa.

Da na gaya wa ɗan projen abin da na gani sai ya dafe kai. Ya ce ƙila ma aikin gama ya riga ya gama, amma tunda a ƙauye ne, kuma a kan famfo da bido ne ba kyamara ba, za a iya gwadawa, doka tana ɗan ɗaga ƙafa a wasu wuraren, sai dai shi kanshi ba zai rantse mini cewa za ta fito ba. Ya ce abin da zai taimaka shi ne a tsaya haka nan kar a ƙara yaɗawa, kuma in sa hannu kafin ƙarshen watan nan, don kuɗin da suka ware ba zai jira ni ba. Na tambaye shi, in ta fito, matan can da suka riga suka koya za a hana su? Ya ce wanda ya yi don kanshi ba wanda zai bi shi gona, amma mai yi yana sayarwa kam ina da ikon tsayar da shi. Wato Ilu. Na ce in kuma ba ta fito ba fa? Ya ce to sai haƙuri. Kun ji fa, sai haƙuri, bayan na riga na zubar da abin da na zubar.

Ban aika wa Gwaggo da wani saƙo ba bayan na dawo, kuma ban yi zaton za ta saurare ni ba, don na san halinta, ko mijinta a zamaninshi bai isa ya ce mata bari ta bari ba. Sai labari ya iso ni cewa ta daina. Wata mata ta taso tun daga nesa da goronta ƙulle a bakin zane, ta ajiye a gabanta, Gwaggo ta tura mata abinta ta ce ta yi haƙuri, hannunta ya manta. Ku da kuka san ƙauye kun san girman mayar wa mutum da goro a gaban jama'a, matar da kuka ta fita. Daga ranar ƙafa ta fara ɗaukewa, wasu sun ji haushi, wasu kunya, yanzu an ce gidan shiru kamar da, ta koma carbinta da kajinta. A bakin rijiya kuma magana ɗaya ake, wai ɗiyar riƙon Gwaggo ta sayar wa Nasara da ƙullin garinsu, ni da ko sisin kowa ban karɓa ba. Ilu ya daina ɗaukar kirana, gaisuwar Juma'a da muke yi ta portabul ta mutu, fatar ma na kai wa wani a nan Tasawa ya yi mini wani abu kamar linzamin jaki, mutum biyu sun dawo mini da nasu.

Hannun kuma bai tsaya jirana ba. Maratayin ya sauke mini nauyi amma bai gyara abin da ya riga ya lalace ba. A bikin da na yi na baya, daidai lokacin da aka fito da amarya iyayenta mata suna mata faɗa, yatsan ya ɗauke, na danna na danna ba abin da ya fita, kafin ya dawo an sa ta a mota. Uwar amarya ta yi mini tatas a gaban mutane, ta ce da ta sani da ta bar yara sun ɗauka da portabul, kuma ban ga laifinta ba. Na dawo gida na zamna a bakin gado da kyamarar a ƙirji na kasa ko kwance ta. Ina tsoro, wallahi ina tsoron ranar da za a daina kirana, kuma na ga ranar tana matsowa.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne, jiya wata maƙwabciyar Gwaggo ta shigo Tasawa ganin likita ta sauka wurina. Ta kawo mini kuɓewa busassa da daddawa daga Gwaggo, ta ce tana gaishe ni da yara, tana tambayar hannu. Sai da muka ci abinci sannan ta ce akwai saƙo. Wai Gwaggo ta ce a tambaye ni, akwai wata yarinya a bayan gidansu, mijinta ya tafi cirani ya bar ta da gonar wake, ita ke feshi da kanta, igiyar famfon ta yanke mata kafaɗa har ta yi gyambo, ga shi wake ya fara fure ba halin tsayawa. Wai ko na yarda ta nuna wa ita kaɗai, ba za ta karɓi goronta ba, a cikin ɗaki za ta nuna mata, kuma za ta sa ta yi alkawari ba za ta koya wa kowa ba. Wai in na ce a'a ba komai, ba za ta ji haushi ba, ta san abincina ne.

Jama'a, matar da ta tauna abinci ta sa mini a baki, yau ita ke aiko a nemi izinina a kan abin da ta koya tun ba a haife ni ba. Na shiga ɗaki na yi kuka mai isata, na fito na ce wa baƙuwar sai na yi tunani, har yanzu ina jin kunyar wannan kalmar da ta fito daga bakina.

Don girman Allah masu ilimin doka a gurup ɗin nan ku gaya mini gaskiya, takardar nan tana da wani amfani ga mace irina, ko wahala kawai zan saya in ƙare ba ita ba dangi? Abin da ya riga ya shiga ƙauyuka haka ana iya yi mishi birebe kuwa? Malamai ku ma ku faɗa mini, ya halatta in tsayar da ɗan'uwana daga sana'ar da ya karɓa a hannun uwarshi a gaban shaidu? Masu cewa in bar wa Allah kawai, na ji, ni ma na san shi ke ciyarwa, amma ku haɗa mini da abin da zan kama in hannun ya tsaya, don yaran nan ba su da wani sai ni. Baƙuwar tana nan a ɗakina, jibi za ta bi motar kasuwa ta koma, kuma ta ce Gwaggo ta ce kar ta dawo mata ba amsa. Mi zan ce ta gaya mata?